Gaiwar da Ke Cikin Bango

Zuwa ga Hajiya Mairamu, inuwar tsamiya ranar da kwalta ke narkewa, nonon safe da ba a sirka da ruwa ba, ƙayar aduwa da ta shige min diddige tun kaina na baƙi, har yau ban nemi wanzami ba. Gaisuwa mai yawa daga Dawaki zuwa Bagadaza.

Tun ina yaro nake jin wani zance. Wai magina kan haƙo ƙasar fadama su yi tubali, ashe da gaiwa a ciki tana barci. A gina ɗaki da ita, ta zauna cikin bango ba ci ba sha, lulluɓe da yauƙinta, tana cin jikinta kaɗan-kaɗan, har ranar da ruwan sama zai jiƙa bangon, sai a ga kifi ya faɗo tsakar ɗaki yana mutsu-mutsu. Na ce ƙanzon kurege ne. Kifi a bango? Wace halitta ce za ta yi wannan haƙurin banza? To, Allah ya nuna min ita a madubi.

Kin tuna yammacin nan na ƙarshen damina, a bayan gari inda yanzu aka cika da shaguna, kina dawowa daga tallan nono? Muka tsaya gindin wani gawo tsirara, ko ganye ɗaya babu, alhali duk duniya ta yi kore. Kika sunkuyar da kai kika ce in turo manyana ranar da itacen nan ya yi ganye. Ni ɗan mai shagon atamfa, wanda bai san itace ba sai a murhu, na ɗauka sai wata daminar kike nufi. Na koma ina tara lefe a hankali, ina taƙama. Ina zan san gawo shi kaɗai ne mai gardama da sama? Ruwa ya zo ya tuɓe, rani ya zo ya yi ado, don saiwarsa na can ƙasa tana shan abin da ba wanda ya gani. Kowane ɗan makiyayi ya san haka, har akuyarku ta sani. Gawo ya yi ganye, kika jira, ba ki ga kowa ba. Da na iso da ruwan farko, an riga an kai ki gidan Bamanga.

Amma ke ma, hasken idona, da bakinki ciwo yake yi? Ki ce bayan girbi mana! Sai kika aiki ɗan birni wurin itace ya tambayo rana. Ai ke ce gawon: in an zo da alheri ki kakkaɓe ganye, in an juya baya ki yi shar.

Allah ya jiƙan Bamanga, ya riƙe ki da mutunci, takabarki ma ta daɗe da wucewa. Ni ma uwar 'ya'yana ta riga mu gidan gaskiya. Yanzu kuma sai nake jin Alhaji Sa'idu na Manawashi ya fara ajiye mota a ƙofarki, gemu ya sha baƙin rini kamar an tsoma shi a marina. Hawainiya dai tana sauya launi ne don kada shaho ya ɗauke ta, wannan an yafe mata. Shi wane shaho ke binsa, da duk jam'iyyar da ta ci zaɓe sai a wayi gari hularta na kansa? Kin san kauci, wanda ke tsirowa a kan reshen wani, ba shi da saiwa a ƙasa, ya yi fure ja gwanin kyau, itacen kuwa na bushewa. Ki tambayi kanki, ke yake kallo ko gidan nan naki mai fuska biyu a bakin titi?

Ni ban ce ina da kyau ba. Gaiwa ba ta taɓa cin gasar kyau ba, ga santsi ga baƙi, haƙorana ma sun fara ƙaura ɗaya-ɗaya. Amma wa ya ga tarwaɗa da rai bayan tafki ya ƙafe? Sai mummunar nan da ta iya jira.

Jiya na hau Keke Napep na fita har bayan gari, na nemo gawo, na tsaya na dube shi da tabarau. Ya fara toho, Mairamu. Wannan karon ba zan tara komai ba. Manyana duk suna maƙabarta, ni ne babban da ya rage, don haka limamin unguwarmu zan turo wurin ƙaninki ranar Juma'a. In ba ki so, ki aiko kafin nan, amma da Hausa, ba da itace ba.

In kin amsa, na faɗo tsakar ɗakinki. In kin ƙi, na koma bangona, ina nan naki har ranar da za a mayar da ni ƙasar da gaske.

Naki, rani da damina,
Abdulhamid

Af, na manta. Wanda ya ba ni labarin gaiwar nan na ƙarshe, yana kwance ne a jinyarsa ta ajali, na je dubiya, kin fita ɗauko masa kunu. Ya gama, ya daɗe yana kallona yana murmushi, ya ce in ruwa ya sauka kada in sake tsayawa lissafin ganye. Mijinki ne, Bamanga.