Famfon Bayan Sito

Challawa, Litinin

Zuwa ga Baba Injiniya Abdulbaqi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Kun ce duk umarnin da ya shafi ɗakin wuta sai a rubuce, to ga shi a rubuce. Sabuwar na'urar kariyar nan, rile ɗin da kuka sa a kan babban layin da ke shigo mana da wuta, ta katse mu sau goma sha biyu cikin mako biyu. Duk lokacin da gangunan da muke jimar fatu a cikinsu suka tsaya, fatun suna kwana cikin sinadari, wasu har sun fara lalacewa. Tsohuwar ta zamanin marigayi mahaifina ba ta taɓa yi mana haka ba. Don Allah ku sa lambar sirrinku ku rage mata saurin fushi, ko ku zagaye ta gaba ɗaya, kafin Laraba.

Naku,
Sagir Lawan, Manaja

*

Challawa, Talata

Zuwa ga Alhaji Sagir,

Wa alaikumus salam. Na karɓi takardarka, na kuma gode da ka rubuto.

Tsohuwar na'urar da kake yabo, ni na cire ta da hannuna. Na same ta a daskare, tsatsa ta cinye cikinta, ko gobara ce ta tashi ba za ta motsa ba. Shirun da ta yi mana shekara da shekaru na mutuwa ne. Wannan sabuwar kuwa tana auna wutar da ke tafiya a layin a kowane lokaci, kuma duk sa'ad da ta katse, takan rubuta dalili da sa'a da minti. Sau goma sha biyun nan abu ɗaya ta faɗa: wuta tana zurara cikin ƙasa a wani wuri tsakanin bakin ƙofa da ɗakin wuta. Takamaiman wurin ne ban sani ba tukuna.

Ka ba ni yini ɗaya a kashe layin in gwada kebul ɗin, wato babbar wayar wutar da ke binne a ƙasa. Amma ba zan rage ta ba, ba kuma zan zagaye ta ba. Shekara talatin da huɗu na yi wa mahaifinka aiki, bai taɓa neman haka daga gare ni ba.

Allah Ya yi maka jagora.
Abdulbaqi Tijjani

*

Challawa, Laraba

Baba Injiniya,

Bayan gaisuwa. Ba ni da yinin da zan ba ku, motar masu kaya tana zuwa ranar goma ga wata. Kuma don Allah a daina sako marigayi cikin kowace magana. Da nauyin zuciya nake sanar da ku cewa ku huta a gida har sai an neme ku. Na ɗauko Injiniya Firdausi daga wani kamfani a Bompai. Ku aiko mata da makullin ɗakin wuta da lambar sirrin.

Sagir

*

Panshekara, Asabar

Zuwa ga Alhaji Sagir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali.

Makulli na masana'anta ne, na aika da shi tun ranar Alhamis. Lambar sirri kuwa amanar mutane ce a wuyana, ba ta cikin abin da ake aikawa.

Hutun da ka ba ni ya yi amfani. Na zauna da takardar da na buga daga na'urar, na dubi lokutan. Duka katsewar tsakanin ƙarfe biyu saura kwata da ƙarfe biyu da minti goma na rana suke, kowace rana, ban da Juma'a. Na daɗe ina juya wannan ban gane ba, sai jiya a masallacin Juma'a na nan Panshekara na haɗu da Malam Aminu, shugaban masu aikin ganguna, da yaran aikinsa duka. Ya ce, "Injiniya, an ce an sallame ku saboda taurin kai." Na ce an kusa. Na tambaye shi inda suke alwala sauran ranaku. Ya ce ai tun da aka gina sabon sito aka mayar musu da famfo bayansa, wurin ya fi inuwa, har sun kafa benci.

Alhaji, a bayan siton nan, kamu biyar a ƙarƙashin ƙasa, akwai mahaɗar babban kebul ɗin. Ina tsaye aka binne ta. Ruwan alwalar mutum arba'in yana gangarawa kanta kullum kafin Azahar, su kuma suna tsaye a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa babu takalmi. Abin da na'urar take yi, cikin ƙasa da ƙiftawar ido, shi ne ta ɗauke wutar kafin ta hau ƙafafunsu. Wannan ne saurin fushin da ka ce in rage.

Ban jira izininka ba, na riga na faɗa wa Aminu kada kowa ya sake alwala a wurin. Ka rufe famfon kwana biyu ka gani. Idan ta sake katsewa, ka rubuto mini takardar sallama, zan sa hannu. Lambar dai ko a lokacin ba zan bayar ba. Idan kuma ka sami wanda zai buɗe maka na'urar ta wata hanya, ina roƙon ka abu ɗaya: kai ka fara cire takalmi ka yi alwala a wurin.

Wassalam.
Abdulbaqi Tijjani

*

Challawa, Laraba

Baba,

Assalamu alaikum. Mun rufe famfon, wuta ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya. Jiya muka kashe layin aka tona. Mahaɗar ta ƙone baƙi ƙirin, daidai ƙarƙashin bencin. Injiniya Firdausi ta ce dama ko kun ba ta lambar ba za ta taɓa na'urar ba. Motar kaya za ta jira. Ku yi haƙuri, ku dawo.

Ɗanku,
Sagir

*

Panshekara, Alhamis

Alhaji Sagir,

Wa alaikumus salam. Zan zo ranar Litinin in Allah Ya yarda. Kafin nan a kai wa su Aminu famfo gefen masallacin masana'anta, a zuba musu siminti. Lambar tana nan inda take.

Babanka,
Abdulbaqi