Wayar Hannu Ta Tona Asirin Wayar Kawu

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Godiya ce fal cikina, amma akwai maganar da na rasa ta inda zan ɓullo mata ba tare da na karya zuciyar dattijon da ya raine ni ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Bara ni da maigidana muka sayi 'yar tsohuwar mota mai amfani da lantarki don zuwa aikina. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina 'yar mitsitsiya bayan rasuwarta, kuma gyaran wuta ne sana'arsa har tsufa. Da ya ga motar sai da ya yi dariya har da riƙe ciki, wai na sayo tocila mai taya huɗu. Amma washegari sai ga shi da jakar kayan aikinsa. Ya ja mini wayar wuta har rumfar da nake ajiye mota, ya kafa soket. Ya wuni a tsugune, gumi sharkaf, ko ruwa sai da na matsa masa ya sha.

Maigidana kuwa akwai son tarkacen na'ura. Shi ya sayo wata 'yar aba kamar kwalin ashana, ya cusa ta a wata kafa ƙarƙashin sitiyari, ya sa mini manhajarta a wayar hannu. Idan mota tana caji sai ki ga komai: ƙarfin wutar da ke shiga, zafin batir, yadda yake cika. Na ce masa to sannu, in wuni ina kallon bugun zuciyar marasa lafiya, in dawo gida kuma in yi jinyar mota? Na yi masa tsiya son raina. Yanzu kam na janye, Allah ya saka masa da alheri.

Wata Asabar da rana ina wanki, na leƙa wayar in ga ko batir ya cika. Layin da ke nuna ƙarfin wutar, wanda ya saba tafiya a miƙe, sai na gan shi yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto. Ga fanka tana juyawa yadda ta saba, ba wai wutar unguwa ce ke wasa ba. Aikina ya koya mini kada in raina layin da ya canza. Na fita na taɓa filogin, zafi zau! Na ruga na kashe wutar gidan gaba ɗaya, maigidana ya kira wani mai gyara. Anti, da aka kwance soket ɗin, bayansa ya narke ya yi baƙi ƙirin, waya ɗaya tana lilo, ba a ɗaure ta tam ba. Bayan wannan bangon kuwa ɗakin yarana ne. Zama na yi a ƙasa ina kuka ina hamdala.

An canza komai, mota na caji lafiya, ƙonannen soket ɗin kuma na ƙulle shi a leda na ɓoye. Kawu bai sani ba. Duk zuwan da zai yi sai ya tambaye ni ya tocila, ya soket, ya buga ƙirji wai aikinsa ba a komawa kansa. Sai in ce lafiya lau, in ja shi falo da hira kada ya leƙa rumfa. Na lura hannunsa na rawa in ya ɗauki kofi, takarda ma sai ya kai ta har hanci kafin ya karanta. Ga shi yanzu maƙwabciyarsa ta sayi irin motata, ya yi mata alkawarin ja mata waya ƙarshen wata. Maigidana ya ce in faɗa masa kai tsaye. Shi ai ba Kawu ne ya raine shi ba! Tun da matar Kawu ta rasu, aikin nan ne kaɗai ya rage masa yake tinƙaho da shi. In na yi magana na karya shi, in na yi shiru gidan mutane ya kama da wuta, da wane ido zan kalle su? Ya zan yi?

'Yar Kawu

'Yar Kawu, barka da arziki, Allah ya ƙara tsarewa. Ki miƙa wa maigida tawa godiyar, ke ma na yaba miki da ba ki ce ai lambobi ne kawai ba.

Maigidanki ya yi gaskiya, shiru ba ya cikin zaɓinki, kuma kada ki bari ƙarshen wata ya zo. Ke ma kin yi gaskiya, yadda za a faɗa shi ne aikin.

Ki sani wayarki ta nuna miki wuta na tangal-tangal ne kawai, ba ta yanke wa kowa hukunci ba. Mota tana jan wuta mai yawa na tsawon awoyi ba hutawa, abin da firji ko dutsen guga ba sa yi. 'Yar sassautawar da za ta daɗe a ɗaki ba a ji ta ba, a nan sai ta ɗau zafi. Kawu ya ƙware ne a zamanin da ba a jona mota a bango. Wannan ba lallashi ba ne, gaskiya ce, da ita za ki fara.

Ki je ke kaɗai. Ki ajiye masa soket ɗin, ki nuna masa yadda layin ya yi, ki tambaye shi me ya gani. Zai gane kafin ki rufe baki. In ya yi shiru, ki bar shi, kada ki cika shi da ban-haƙuri. In ya yi fushi don kin ɓoye masa, ki karɓa, yana da hujja.

Aikin maƙwabciya kuwa kada ki ce ya bari. Ki roƙe shi ya tafi da mai gyaran nan, shi ya tsara, wancan ya ɗaure, a kuma sa kayan da aka yi don cajin mota. Ranar cajin farko ki ara musu 'yar na'urar in ta dace da motar, ki miƙa wa Kawu wayar ya sa ido a kan layin. Amma fa na'ura ba ta maye gurbin a kwance a duba. Maganar ido da rawar hannu kuma ke ce ma'aikaciyar jinya, ki kai shi asibiti da kanki, ki bar ta zuwa wata rana dabam.

Kin ce kina tsoron karya shi. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsare gidajen mutane daga gobara zai iya ɗaukar wannan magana daga bakinki. Wadda ba zai iya ɗauka ba ita ce ya ji ta daga bakin 'yan kwana-kwana, sannan ya gano kin sani. Allah ya sanyaya harshenki, ya ƙara wa Kawu lafiya, ya bar ku tare.