Awon Kogi Daga Teburin Mai Shayi

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Ya aiki, ya Fatakwal? Mu nan Madabo sai godiya.

Maganar ƙaninka Nasiru ce. Aikinsa bai wuce ya je kogin Chalawa kullum da safe ya duba inda ruwa ya tsaya a sandar awo ya rubuta ba. Ashe wata biyu ke nan gogan naka yana teburin mai shayi a Ƙofar Nassarawa yana kwafar lambobin bara. Kogi ya janye har yashi ya fito, amma a littafinsa ruwa na nan maƙil! Manoman rani suka gaskata rahoton suka dasa tumatir, duk ya bushe don rashin ruwa. Da na tambaye shi, wai, "Hajiya, kogi ai kogi ne." Ka ji mai digiri!

An dakatar da shi, kuma zai kira ka don ka roƙi ogansa. Idan ka roƙa, ban yafe ba. Ya je ya dubi idon manoman nan tukuna.

Ku taya mu addu'a, Allah ya shirye shi. A gaishe min da jikokina.

Mahaifiyarku,
Hajiya Binta