Ranar da Aka Fitar da Ni Daga Layi

Yaya Hamidu,

Assalamu alaikum. Ya Damagaram, ya iyali, ya ƙafar taka? Mu nan Wurno lafiya lau.

Ranar zaɓen fid da gwani na kansila aka yi ƙato-bayan-ƙato, wato kowa ya yi layi a bayan ɗan takararsa, na shiga layi da 'ya'yana. Wakilin wani ɗan takara ya riƙo hannuna, ya ce, "Baba, kai ɗan Nijar ne, koma gefe." Yaran suka tsaya, tunda uwarsu 'yar nan ce. Ni da na yi furfura a garin nan, na koma gindin tsamiya ina kallo.

Zan nemi takardar zama ɗan Najeriya, komai daɗewarta. Kada ka ce na yar da gida. Inda za a binne ni, nan nake so a ƙirga da ni.

A sa ni a addu'a. Ka gaida Hajiya da yara.

Ƙaninka,
Idi