Kunya Goma Sha Biyu

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yau masu awon ƙasa suka zo Tarai daga Kano, da mota da taswira. Wai sabon tsari ne, za a dawo da burtali yadda yake a takarda tun zamanin da. Sun kafa turakun siminti masu jan fenti a cikin gonata. Na ƙirga, kunya goma sha biyu suka yanke, kuma gefen da gyaɗa ta fi yi. Wanda ya ja igiyar ko kaftu bai taɓa yi ba, tafin hannunsa kamar na jariri. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Laraba, 8 ga Mayu

Na je wurin Mai Unguwa Ramalan. Ya ce, "Malam Maharazu, daga sama abin ya zo." Kullum daga sama. Mu na ƙasa sai mu ci taswira da damina.

Juma'a, 10 ga Mayu

Manu ya gaishe ni bayan masallaci, na yi kamar ban ji ba. Shi ne makiyayin da ke bin burtalin nan zuwa rafi, kuma na tabbata shi ya kai ƙara. Shekara nawa shanunsa na kwana a gonata bayan girbi, su ci kara su bar min taki? Ashe yana auna ni da ido.

Talata, 14 ga Mayu

Na kai wa Iya kuka. Tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Lokacin mahaifinka shanu huɗu na jerawa a hanyar nan. Yanzu ɗaya ma sai ta karkace." Uwata ce, sai na ajiye mata kukar na fito.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na ɗauki magirbi na je tumɓuke turken farko. Ina haƙa gindinsa ƙarfe ya daki dutse. Na share ƙasa, sai ga wani a gefensa, ga wani. Jerin duwatsun da Baba ya shimfiɗa na iyaka ne, har da baƙin nan mai tsaga da nake zama a kai ina yaro. Turken yana bisa kansu daidai.

Bana shekara goma sha biyu da rasuwarsa. Duk damina ina ƙara kunya ɗaya, ina cewa ai kowa ma haka yake yi.

Na mayar da ƙasar. Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 1 ga Yuni

An yi ruwan shuka. Har yanzu ina jin haushin mutanen Kano, da sun yi sallama ma kafin su shiga gonar mutum. Na shuka gyaɗa, na tsaya a turke. Iri ne bai isa ba.

Da hantsi Manu ya wuce, shanunsa bibbiyu. Ya ce barka da aiki. Na amsa, tunda hanya ce.

Sauran irin yana cikin buhu a zaure.