Kwalabe Uku Zuwa Farin Dutse

Birnin Kudu,
Litinin, 11 ga Yuli, 1977,
ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma.

Zuwa ga Kubra,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mai sunan Iya. Yaya jego, yaya ruwan zafi? Ki gaishe min da Inna da ƙanwarki Kulu, ki ce ina yi musu sannu da hidima. Kaka Batulu kuwa a gaya mata mijinta yana nan bai manta da ita ba. Ni ma lafiya, sai kewa.

A kan teburin ɗakin magani nake rubuta miki, bayan na sallami mara lafiya na ƙarshe. Ruwa ya ɗauke minti goma da suka wuce, indararo bai daina ɗiga ba. Yau kwananki goma sha bakwai da haihuwa, saura ashirin da uku ki yi arba'in ki dawo ɗakinki.

Ranar suna, da kika leƙo tsakar gida, mayafinki ya zame, na ga wani duhu-duhu a kumatunki da saman goshi. Kada ki damu. Na duba littattafaina biyu na jami'a, duka sun ce ciki ne ke kawo shi, rana ke ƙara shi, kuma yakan dushe cikin watanni. Duk da haka ranar Asabar na shiga Kano. Tun da arzikin mai ya zo, kantuna sun cika da kayan shafa, kowace kwalba da hoton mace tana murmushi. Na yi awa ɗaya da minti arba'in ina karanta rubutun jikinsu, har mai kantin ya kawo min kujera. Duk mai zaiba a ciki na ajiye ta, haka mai sifirit da yawa. Uku na zaɓa, na gwada kowace a cikin hannuna, ban ga ja ko ƙaiƙayi ba. Malam Barau direba zai kawo miki su gobe.

Ga yadda ake yi, kuma jerin yana da muhimmanci: daga mai ruwa-ruwa zuwa mai kauri. Bayan wankan yamma ki bari fuskarki ta huce sarai. Ki fara da babbar, mai ƙanshin wardi, ki jiƙa auduga ki daddanna, kada ki goga. Ita ke kwantar da fata bayan sabulu. Ki ƙirga sittin. Sai ta tsakiya, kaɗan a tafin hannu, ita ke shayar da fata ruwa. Ki sake ƙirga sittin. Ƙaramar ita ce mai ƙarfi, akwai sinadarin tsami a cikinta. Ɗigo uku kawai, da yamma kawai, kuma kada ta taɓa fata sai biyun farko sun riga ta.

Babbar tana nan gabana yanzu. Ɗazu na buɗe ta don in duba murfin, sai ƙanshin ya cika ɗakin, ya danne warin aidin. Na rufe ido na gan ki zaune a bakin gado kina ƙirga sittin a hankali, leɓɓanki suna motsi, ruwa yana ɗiga a waje daidai da ƙirgar. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, ni da ba na raba ido da agogo.

Ki huta lafiya.
Naki,
Hadi Sada.

Birnin Kudu,
Asabar, 16 ga Yuli, 1977,
ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar na safe.

Zuwa ga Kubra,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarki da ta yarinya da mutanen gida. Yaya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kafin komai: ki daina shafa ƙaramar kwalbar. Ruwa mai sanyi a fuska, sai man kaɗe ɗan kaɗan. A roƙi Inna kada ganyen wanka ya taɓa fuskarki har kwana bakwai, kuma kada ki zauna a rana.

Malam Barau ya tsaya a bakin asibiti minti ashirin da suka wuce, ya ba ni labari, ko injin motar bai kashe ba. Ya ce da ya isa Farin Dutse kina barci, sai ya miƙa wa Inna ƙunshin. Ita kuma ta yi abin da kowace uwa za ta yi in tsaraba ta shigo gida, ta kwance ta raba. Babbar ta ba Kaka Batulu, don ita ce babba. Ta tsakiya ta ba Kulu. Ƙaramar, da yake ta fi kyan gani kuma tana da murfi ruwan zinariya, ta ce wannan ta mai jego ce. Wasiƙar kuwa ta adana miki ita a cikin kwalla, ta manta. Ke kuma kika zaci mai ne, kika cika tafin hannu kika shafa kina fitowa daga wanka, fuska tana tururi, safe da yamma, kwana uku. Ya ce Kulu ta gaya masa fuskar ta yi ja, tana raɗaɗi, ta fara saɓa.

Laifina ne. A gidan da aka haife ni ma ba a taɓa aiko da abu uku ya tafi hannu ɗaya ba. Na san nauyin kowane sinadari da ke cikin kwalaben nan, amma wannan na manta. Malam Barau ya ce min, "Likita, ka je Zariya ka karanto duniya, ka baro tsakar gida." Na ce masa ni ba likita ba ne, mai harhaɗa magani ne. Ya ce to a harhaɗa da hankali.

Wai Kaka tana yayyafa tata a buzun sallarta, tana gaya wa maƙwabta miji ya aiko mata da turare. Kulu kuma a kaushin ƙafa take shafa tata, ta ce yana yi. Kada a karɓe musu.

Tun da ya tafi nake kallon cikin hannuna, inda na yi gwajin. Ɗigo ɗaya na sa, a fata mai sanyi. Ina ta ƙoƙarin in ji abin da kika ji, na kasa. Ki sa a ciro miki wasiƙar, ki kuma rubuto min ko layi ɗaya ne: ina ne ya fi ja, akwai ƙuraje masu ruwa ko babu, idonki lafiya?

Naki, cikin damuwa,
Hadi.

Birnin Kudu,
Litinin, 25 ga Yuli, 1977,
ƙarfe biyu da rabi na rana.

Zuwa ga Kubra,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, ke da mai sunan Iya. Na iso gida jiya kafin magariba, ko da yake mun yi minti hamsin a wani kwari muna jiran ruwa ya janye. A yi min godiya wurin Inna saboda fura da man shanu.

Amsarki ta same ni ranar Alhamis. Layi huɗu ce, na haddace ta. Kin ce raɗaɗin ya tafi, saɓar ta kusa ƙarewa, tabon yana nan, har ya ɗan ƙara duhu. Kin ce kin karanta wasiƙata ta fari sau biyu kina neman inda na ce wani abu ban da gyara. Kika rufe da cewa tun da fuskar gyara take bukata, za ki zauna a gida har a gama gyaran, ko da bayan Sallah ne, Inna ma ta yarda.

Shi ya sa na zo jiya. Kin san yadda aka yi, amma ke kina bayan asabari, ni ina waje, bari ki ji yadda abin yake daga inda nake. Na durƙusa na gaishe da Inna, ta amsa tana kallon ƙasa, ta ce ita ma ba ta kyauta ba da ta manta da takardar. Kaka ce ta cece mu, ta fito tana ƙanshin wardi ta ce, "Kai mijin nan nawa, wa ya gaya maka ana taɓa tukunya daga sauke ta? Mai jego sai ta huce. Mu da muka haifi tara, wa ya aiko mana da kwalba?" Na ce tuba nake. Ta ce tuban mai digiri sai da goro.

Sannan aka miƙo min yarinyar. Minti goma sha biyu tana hannuna. Ke kuma kika gaishe ni daga ciki, kika tambayi aiki, kika tambaya ko rufin madafa yana yoyo har yanzu. Yana yi. Ta tsakanin karan asabarin ina ganin inuwarki a yanke siri-siri, in kin motsa sai ta watse ta sake haɗuwa. Na zo da magana a bakina tun daga Birnin Kudu, na maimaita ta a mota har Gwaram, amma Inna tana tankaɗe taku biyar daga inda nake, Kulu tana tsaye da buta. Abin da ya fito daga bakina shi ne ki riƙa shan ruwa da yawa.

A hanyar dawowa barci ya ɗauke ni a gaban mota. Na ga gero ya yi tsawo har ya rufe hanya, ina ratsa shi, kina gabana da goyo, ina jin muryarki kusa amma ganye yana tsakaninmu. Duk inda na buɗa sai wani ganyen. Ban ji tsoro ba a mafarkin, na dai ci gaba da buɗawa har Malam Barau ya taka burki.

Ba zan matsa miki ba. Saura kwana tara.

Naki,
Hadi.

Birnin Kudu,
Talata, 2 ga Agusta, 1977,
ƙarfe biyar saura kwata na yamma.

Zuwa ga Kubra,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da yarinya da Inna da Kaka da Kulu. Da fatan an tashi lafiya, an wuni lafiya. Gobe arba'in, Allah Ya nuna mana.

Malam Barau zai koma Gwaram da Farin Dutse da ƙarfe biyar, ya ce minti goma sha biyar ya ba ni, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Ɗazu na taso daga aiki na tarar ya sauke kaya a ƙofar gidanmu: bahon wankan yarinya, da ƙullin zannuwa, da ƙwarya cike da kanwa. Babu takarda. Na kwance ƙullin na duba sau biyu. Na tambaye shi wa ya ba shi, ya ce Kulu ce ta fito da su. Na ce me aka ce a gaya min, ya ce an ce a sauke a hankali, bahon sabo ne. Sai ya koma yana ta dariya yana goge madubi.

Ga maganar da na kasa faɗa a gaban Inna. Ranar suna, da mayafin ya zame, abin da na fara ji ba damuwa ba ne. Kin tuna shanun nan da mutanen zamanin da suka zana a jikin duwatsun bayan gari, da muka je gani wata biyu bayan bikinmu, kika ce wanda ya zana su yana son shanunsa? Tabon kumatunki na hagu haka ya yi min, kamar wani ya zauna ya zana shi a natse. Na tsaya ina kallo har abokina ya taɓa ni. Sai na ga kin ja mayafi da sauri, na gane ke ba kya son sa. Ni kuma ban iya rarrashi ba. A makaranta an koya min in na ga abu a fata in nemi sunansa da maganinsa, sai na tafi Kano na yi abin da na iya. Da na rubuta miki wannan tun ran sha ɗaya ga Yuli, da fuskarki ba ta ƙone ba.

Ba fuskar da na aura nake jira ba, Kubra. Wadda ta haifa min 'ya nake son gani, da rana, babu asabari.

Na ɗauki hutun gobe. Na gyara rufin madafa da kaina, sai an yi ruwa za mu san ko na iya. Zan share ɗaki in zauna a zaure tun daga azahar.

Abubuwan da ban sani ba har zuwa wannan minti:

Ko ke kika sa a kawo kayan, ko Inna ce ta yanke.

Ko bahon ya riga ku da kwana ɗaya ne, ko da wata biyu. In da wata biyu ne, a me za a yi wa yarinya wanka gobe?

Ko za ki karanta wannan da kanki yau, ko ita ma kwalla za ta shiga.

Ko za a yi ruwa a hanya.

Ko idan kin sauko daga mota za ki ɗago kai.

Ko tabon yana nan. Littafi ya ce yakan yi wata uku zuwa shida, wani lokaci ya fi haka. Ina roƙon Allah kada ya yi sauri.

Malam Barau yana danna ham.

Naki har kullum,
Hadi Sada.