Jan Biro a Hannun Mutuniyata

Zuwa ga 'yata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Yau Asabar nake rubuta miki wannan, da hantsi, ina zaune bakin taga inda haske ya fi yawa. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi, sai gwiwar hagun nan da ba ta yarda a manta da ita ba, da idanu da kullum suke ƙara dushewa. In kin ga layi ya karkace, laifinsu ne, ba na malaman da suka koya mana rubutu ba. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a neman da ya kai ku nesa. Yayanki da iyalinsa duk lafiya lau, ƙaramin ma ya fara tafiya.

Maganar 'yarki ce, mutuniyar tawa, ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san tun da kika bar ta hannun kawunta saboda makaranta, duk Asabar takan zo ta karanta mini jarida, ta yanke mini farce, ta kuma yi mini tsiyar wai furfurata ta fi haƙorana yawa. Kwanakin baya tana cikin yankan farcen ta faɗa mini wata magana da har yau ban gama gane ta ba. Ta ce ita takan riga kowa gama lissafi a ajinsu, sai malaminsu ya miƙa mata jan bironsa ya ce ta duba aikin sauran, shi kuwa ya fita shan iska. Ashe duk wanda ya koma gida da sifili ya sha faɗa, da hannunta aka rubuta masa. Yara suka sa mata suna Ƙaramar Malama. In an tashi tara, ta nufo su sai hira ta mutu. Har ƙawarta da suke zama benci ɗaya ta kwashe jakarta ta koma baya. Saboda haka ta soma kuskure da gangan, don biron ya koma hannun wani. Ta ce dabarar ta yi aiki, har an soma sa ta a wasa. Ta roƙe ni kada kowa ya ji.

To, sai ga yayanki ya zo mini ransa a ɓace. Wai malamin ya ce yarinya ta lalace, wasa ya cinye mata kai. Ya ce zai hana ta fita, ya nemo mai koya mata a gida, har Asabar. Ni kuwa da na ji ana cewa jikata ta dakushe, zuciya ta ɗebe ni, na ce masa da gangan take yi, ta fi malamin nata saurin lissafi. Magana zarar bunu ce. Washegari ya kai wa malamin. Shi kuma, maimakon ya yi tunani, sai murna ta kama shi. Ya tsayar da ita gaban aji ya ba da labari, ya sa aka tafa mata, ya mayar mata da biron. Yanzu shugaban makaranta yana so a tsallakar da ita aji na gaba, cikin yaran da kanta bai kai kafaɗarsu ba, kuma amsarki kawai ake jira.

'Yata, na rasa inda zan sa kaina. A zamaninmu, wanda ya zo na ɗaya shi ake nunawa da yatsa, kuma ban taɓa jin an tambaye shi ko yana da abokin wasa ba. Ni a tsakiyar aji na yi nawa karatun, ban san zafin gaba ba. Wani lokaci in ce na kyauta, don baiwa ba abin binnewa ba ce. Can kuma in tuna yadda ta sunkuyar da kai tana riƙe da yatsana, in ji kamar na yi gyaran gangar auzinawa. In ta zauna a ajin, ga biro. In ta wuce, ga kaɗaici, wanda ni na san ɗanɗanonsa. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki ba su amsa sai kin kira ta, ita kaɗai, ba kawunta a kusa. Ki bar ta ta gama magana, ko da ta yi ta kewaye-kewaye.

Ki gaishe mini da maigidanki da surukarki, Allah ya ƙara mata lafiya. Gwaggonki ta aiko a gaishe ki, ta ce kin yi mata tsada.

Ni ne mahaifinki mai yi muku addu'a kullum.

Na ajiye takardar ban rufe ba, da nufin in ta zo ta rubuta miki gaisuwa da hannunta. Na fito mata da kujerarta, ga jarida, ga abin yankan farce a kai. Yanzu rana ta bar tagar. Sau da yawa na ji motsi a ƙofa, in leƙa in ga iska ce. Ba ta zo ba.